Gwamnati a kasuwar inshorar lafiya: rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Amurka

Daga ranar 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43 cur, ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka sun kasance a rufe, abin da bai taɓa yin tsawo haka ba a tarihin ƙasar. Dubban ɗaruruwan ma'aikata suka zauna babu albashi, aka yi ta soke tashin jiragen sama. Musabbabin wannan taƙaddama shi ne tallafin da gwamnati ke bai wa masu sayen inshorar lafiya da kansu, wanda wa'adinsa zai cika a ƙarshen shekarar. 'Yan jam'iyyar Democrat suka ce ba za su amince da kasafin wucin gadi ba sai an tsawaita shi, 'yan Republican suka ce a buɗe gwamnati tukuna. Daga ƙarshe aka buɗe ba tare da an tsawaita ba.

Tallafin nan ba ya shiga hannun mai inshora, kai tsaye yake wucewa asusun kamfanin da ya sayar masa da ita. Shugaba Donald Trump da kansa ya yi ƙorafin haka, ya ce gara a miƙa wa mutane kuɗin hannu da hannu. A ɗaya ɓangaren kuwa, ƙorafin ya farfaɗo da wata tsohuwar tambaya: idan dai da kuɗin gwamnati ake sayen hajar, me zai hana ita gwamnatin ta buɗe nata shagon a cikin kasuwar, ta sayar da tata inshorar, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa? Wannan shawara ita Amurkawa ke kira “zaɓin gwamnati”, kuma ta fi shekara 15 tana kai-komo tsakanin majalisa da dandalin yaƙin neman zaɓe.

Yadda kasuwar take

Inshorar lafiya tana kama da adashe ta fuska ɗaya: kowa na zubi duk wata. Bambancin shi ne a adashe kowa na da ranar kwasarsa, a inshora kuwa wanda ciwo ya kama ne kaɗai ke kwasa. Saboda haka ƙarfin asusun ya dogara da samun masu ƙoshin lafiya da yawa da za su yi ta zubi ba su taɓa ɗauka ba. Duk rigimar da za ta biyo baya a kan wannan gaɓa take juyawa.

Fiye da rabin Amurkawa ta wurin aikinsu suke samun inshora. Wannan gado ne na Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai masana'antu suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biya musu asibiti. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji daga wannan alawus, tsarin ya yi jijiya. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali guda ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, ma'aikaci na biyan kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai kamfani ya cika sauran, ko da yake masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa wannan ma daga albashin da ba a biya ba yake fita.

Gwamnati ba baƙuwa ba ce a harkar. Tun 1965, lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar, akwai shirin Medicare na waɗanda suka kai shekara 65, wanda yanzu ke ɗauke da mutum sama da miliyan 65, akwai kuma Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, wanda tarayya da jihohi ke haɗa hannu a kansa. Johnson ya tafi har garin Independence na jihar Missouri don ya miƙa katin farko ga tsohon shugaba Harry Truman, wanda ya nemi kafa inshora ta ƙasa baki ɗaya tun 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta yi masa ca, ta laƙaba wa shirin sunan gurguzu, ya mutu a majalisa.

Tsakanin waɗannan rukunai akwai waɗanda ba su da inuwa: direban da ke aikin kansa, mai ƙaramin shago, matashin da ya bar gaban iyaye, wanda ya rasa aiki yana da shekara 58. Su ne ke sayen inshora da kansu, ko su zauna babu. A 2023 mutum kimanin miliyan 26 ba su da kowace irin inshora, a ƙasar da ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya a wannan shekarar, wato kashi 17.6 cikin 100 na arzikin da ta samar. Babu wata ƙasa mai arziki da ta kusa wannan adadi, kuma duk da haka Amurkawa ba su kai mutanen Faransa ko Japan tsawon rai ba.

Masu karatu a Najeriya sun san kalmar HMO daga katin asibitin ma'aikata. Daga can aka aro ta, domin dokar 1973 ta zamanin Richard Nixon ce ta yaɗa irin waɗannan kamfanoni da ke tsayawa tsakanin majinyaci da asibiti.

Abin da ake nufi, da abin da ba a nufi

Akwai buƙatar rarrabe shawarwari biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce ta Sanata Bernie Sanders: a faɗaɗa Medicare ya game kowa, gwamnati ta zama ita kaɗai ke biyan asibiti kamar yadda ake yi a Kanada, kamfanonin inshora su tattara nasu ya nasu. Ta biyu, wadda ake magana a kanta a nan, ba ta rufe shagon kowa. Gwamnati za ta kafa nata asusun, ta karɓi zubi daga wanda ya ga dama, ta biya asibiti daga abin da ta tara, kamfanoni su ci gaba da sana'arsu a gefenta.

Masanin siyasa Jacob Hacker na cikin waɗanda suka fi tallata wannan tunani, kuma a 2007 John Edwards ya sa shi cikin manufofinsa na neman takarar Democrat, Hillary Clinton da Barack Obama suka bi sahu. Daɗin shawarar ga ɗan siyasa a fili yake. Bill Clinton ya sha ƙasa a 1994 ne saboda an tsorata masu inshora cewa za a raba su da likitansu. Zaɓin gwamnati kuwa yana cewa wanda ya gamsu da tasa ya riƙe, ba a tilasta wa kowa.

Masu goyon baya suna da hujjoji uku da suke maimaitawa. Asusun gwamnati ba ya neman riba kuma ba ya biyan masu hannun jari. Kuɗin gudanarwarsa kaɗan ne, suna misali da Medicare da ke nuna kusan kashi 2 cikin 100, alhali doka ta yarje wa kamfanoni su riƙe kashi 15 zuwa 20 na zubin jama'a don gudanarwa da riba. Sannan a yankuna da dama babu gasa ko kaɗan: a 2018, bayan manyan kamfanoni irin su Aetna da Humana sun janye daga kasuwar masu sayen inshora da kansu, kusan rabin gundumomin ƙasar kamfani ɗaya tal ya rage musu. Kasuwar da mai sayarwa ɗaya ne, suna kawai ta tara.

Hujja ta biyu ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Tsofaffi sun fi kowa cin kuɗin asibiti, don haka idan aka auna kuɗin ofis da jimillar abin da aka kashe musu dole ya fito ɗan ƙarami, kuma wasu hukumomin gwamnati ne ke yi wa Medicare wani ɓangare na aikin tara kuɗi. Akwai tazara, amma ba ta kai yadda ake faɗa a kan mumbarin siyasa ba.

Masu adawa kuma cewa suke yi ba a taɓa yin gasar adalci da wanda shi ne alƙalin wasa. Gwamnati ce ke rubuta dokar kasuwa, ita ke da baitulmali, kuma ba za a taɓa barin asusunta ya karye ba ko da ya tafka asara. Sanata Chuck Grassley na Iowa ya ce a 2009 gwamnati ba abokiyar gasa ba ce, mafarauciya ce. A ganinsu shawarar kura ce da fatar akuya: za ta shigo da sunan zaɓi, ta karya farashi har kamfanoni su durƙushe, a wayi gari tsarin Sanders ya tabbata ba tare da an kaɗa masa ƙuri'a ba. Abin da ya ƙara wa wannan zargi nauyi shi ne wasu daga cikin magoya bayan shawarar sun fito fili sun ce fatansu ke nan.

Abin da ya faru a 2009

Obama ya hau mulki da rinjaye a majalisu biyu, kuma zaɓin gwamnati na cikin kayan da ya zo da su. A wani taro da jama'a a New Hampshire cikin Agusta, ya so ya kwantar da hankalin masu tsoro, sai ya ce ai kamfanonin FedEx da UPS suna cin kasuwarsu lafiya, gidan waya na gwamnati ne kullum cikin matsala. 'Yan adawa suka cafe maganar, suka ce to ga shi da bakinsa ya faɗi yadda gwamnati ke riƙon sana'a. A jawabinsa ga majalisa ranar 9 ga Satumba ya sauya misali, ya kawo jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu da ke rayuwa kafaɗa da kafaɗa.

Ainihin dambarwar ba a gaban kyamara aka yi ta ba, a kan layi ɗaya na daftarin doka aka yi ta: nawa asusun gwamnatin zai riƙa biyan asibitoci da likitoci? Masu ra'ayin sauyi a Majalisar Wakilai sun so a ɗaure farashin da na Medicare, a ɗan ƙara wa likitoci kashi 5 cikin 100. 'Yan Democrat masu wakiltar karkara suka ƙi, domin asibitocin mazaɓunsu sun ce da ma abin da Medicare ke biya ba ya isarsu. Shugabar majalisar, Nancy Pelosi, ta ƙirga ƙuri'u ta ga ba su cika ba, sai aka koma kan cewa asusun zai zauna ya yi ciniki da kowane asibiti kamar yadda kamfanoni ke yi.

Wannan sauyi ya cire wa shawarar haƙora. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa, wanda ɓangarorin biyu ke dogaro da lissafinsa, ya ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 6 ne kawai za su shiga, kuma zubinsu zai ɗan ɗara na kamfanoni tsada. Dalili kuwa shi ne asusun zai biya asibiti farashin kasuwa, ba zai tsananta wajen hana magani ba, saboda haka marasa lafiya ne za su fi tururuwa zuwa gare shi. Watanni kaɗan kafin nan, wata cibiyar bincike mai suna Lewin Group ta ƙiyasta cewa idan aka buɗe asusun ga kowa kuma ya biya farashin Medicare, mutum miliyan 119 na iya barin kamfanoni. 'Yan Republican suka yi ta yawo da wannan adadi, 'yan Democrat suka yi ta tunatarwa cewa cibiyar mallakin UnitedHealth ce, babban kamfanin inshora. Amma alƙaluman biyu ba su saɓa wa juna ba. Abubuwa biyu daban suke aunawa, masu suna ɗaya.

Majalisar Wakilai ta amince da dokar ranar 7 ga Nuwamba da ƙuri'a 220 da 215. A Majalisar Dattawa kuwa kwamitin kuɗi ya riga ya yi watsi da shawarar sau biyu a rana ɗaya, 29 ga Satumba: ta Jay Rockefeller mai farashin Medicare ta faɗi da 15 da 8, ta Chuck Schumer mai ciniki ta faɗi da 13 da 10, shugaban kwamitin Max Baucus, ɗan Democrat, yana cikin masu cewa a'a duka biyun. A zauren majalisar ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, kuma 60 ɗin cif Democrat ke da su, don haka kowane sanata guda ya zama mai riƙe da wuƙa da nama. Joe Lieberman na Connecticut, jihar da birnin Hartford, cibiyar kamfanonin inshora, yake cikinta, ya ce muddin akwai zaɓin gwamnati ba zai bari a wuce ba. Aka kawo sulhu, a bar masu shekara 55 zuwa 64 su sayi Medicare da kuɗinsu. Wannan ma ya ƙi. Ranar 24 ga Disamba dokar ta wuce babu shi, kuma haka Obama ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris, 2010.

Abin da aka bayar a madadinsa shi ne rancen kafa ƙungiyoyin inshora na gama-kai marasa neman riba. An kafa 23. Cikin 'yan shekaru mafi yawansu suka rushe, uku kacal suka rage. Ƙanana ne, ba su da yawan mutanen da za su sa asibiti ya saurare su a teburin ciniki.

An bar jaki ana dukan taiki

Kamfanonin inshora ba su da farin jini a Amurka, kuma ba a banza ba: su ne ke aiko da takardar ƙin biya lokacin da mutum ke kwance. Da aka harbe shugaban UnitedHealthcare, Brian Thompson, a birnin New York ranar 4 ga Disamban 2024, irin martanin da ya cika shafukan sada zumunta ya girgiza hatta masu sukar kamfanonin. To sai dai mafi yawan kuɗin da ke shiga hannunsu wucewa yake yi zuwa asibitoci, likitoci da kamfanonin magani. Tun 2003 masana irin su Gerard Anderson da Uwe Reinhardt suka nuna cewa Amurkawa ba su fi sauran ƙasashe masu arziki yawan ganin likita ko kwana a asibiti ba, farashin kowane abu ne ya fi tsada.

Cibiyar bincike ta RAND ta auna wannan. A 2022 kamfanonin inshora sun biya asibitoci, a matsakaici, kashi 254 cikin 100 na abin da Medicare zai biya a kan aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya. Aikin da gwamnati ke biyan dala 10,000 a kansa, kamfani na biyan fiye da 25,000. Medicare ba ya ciniki, farashi yake yankawa, kuma kusan babu asibitin da zai iya juya wa tsofaffin ƙasa baya. Kamfani kuwa dole ya lallaɓa, musamman inda asibitocin gari suka haɗe ƙarƙashin mai gida ɗaya.

A nan ne ƙullin yake. Idan asusun gwamnati ya biya farashin Medicare kuma aka tilasta wa asibitoci su karɓa, zai yi arha ƙwarai. Ofishin kasafin majalisa ya lissafa a 2013 cewa irin wannan zai fi na kamfanoni sauƙi da kashi 7 zuwa 8 cikin 100, ya kuma rage wa gwamnati giɓin dala biliyan 158 cikin shekara 10. Amma arhar ba daga ƙwarewar sana'a ta fito ba, daga ikon hukuma ta fito, kuma a nan masu adawa sun faɗi gaskiya: ba gasa ba ce, ƙayyade farashi ne da aka sa wa rigar kasuwa. Idan kuma aka cire masa wannan iko don a yi adalci, ya zama kamfani na goma sha ɗaya a layi, babu abin da zai tsinana. Gaba kura, baya sayaki. Masu goyon baya ba sa son furta kalmar ƙayyade farashi, masu adawa kuma ba sa son amsa cewa kasuwar da suke karewa ta kasa sauko da farashin da kanta.

Asibitoci suna da tasu hujjar. Hukumar MedPAC, mai bai wa majalisa shawara kan Medicare, ta nuna cewa a 'yan shekarun nan asibitoci na yin asarar da ta haura kashi 10 cikin 100 a kan majinyatan shirin, kuma fiye da asibitocin karkara 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya tun 2010. Suna cewa ribar da suke samu daga masu inshorar kamfani ce ke cike wannan giɓi. Masana da yawa na ganin akasin haka, cewa asibitin da ya saba samun kuɗi a sauƙaƙe ne ke barin kashe-kashensa su kumbura. Ko ma wanne ne, asibiti shi ne babban mai ɗaukar aiki a garuruwa da dama, kuma babu ɗan majalisar da ba shi da guda a mazaɓarsa. Kamfanin inshora ana iya zaginsa a ci zaɓe. Asibitin gari ba a taɓa shi a kwana lafiya.

Gwajin jihohi

Da tarayya ta gaza, jihohi uku suka gwada. Jihar Washington, ta arewa maso yamma, ta fara da dokar 2019 da Gwamna Jay Inslee ya sa wa hannu. Daftarin farko ya ɗaure farashi da na Medicare, kafin ya fita daga majalisar jiha ya zama kashi 160 cikin 100. Ba a tilasta wa asibitoci shiga ba, da yawa suka noƙe. A 2021, shekarar farko, shirin ya samu ne a gundumomi 19 cikin 39, kuma kusan kashi 1 cikin 100 na masu saye ne suka zaɓe shi. Sai da majalisar ta dawo ta yi dokar da ta wajabta wa asibitoci shiga kafin ya bazu ya kuma fara zama mafi arha a wurare da dama.

Colorado ta bi wata hanya a 2021. Ta tsara inshora iri ɗaya, ta wajabta wa kowane kamfani ya sayar da ita, ta ce su sauko da zubi da kashi 15 cikin 100 zuwa 2025, ta kuma bai wa kwamishinan inshora ikon kiran zaman sauraro ya yanka wa asibiti farashi idan aka kasa. Mafi yawan kamfanonin ba su cimma adadin ba, amma barazanar zaman ta sa wasu asibitoci sun yi ragi tun kafin a kira su, kuma jama'a sun karɓi shirin sosai. Nevada ta yi tata dokar a shekarar, aka ɗage fara aiki zuwa Janairun 2026, ta faɗa hannun gwamnan Republican, Joe Lombardo, wanda ya soki shirin tun yana neman zaɓe.

Abin lura, a duka jihohin uku babu inda gwamnati ta buɗe asusu nata na kanta. Kamfanonin nan dai su ne ke karɓar zubi, su ke biyan asibiti, jiha ta tsaya a kan gindaya sharuɗɗa. Sunan ne ya tsira.

Inda aka riga aka yi gasar

Abin mamaki, gasar da ake ta jayayya a kanta tana gudana a cikin Medicare kansa, sai dai a juye. Dokar 2003 ta zamanin George W. Bush ta ƙarfafa wani reshe mai suna Medicare Advantage, inda tsoho zai iya barin asusun gwamnati ya koma kamfani, gwamnati ta riƙa biyan kamfanin wani adadi a kansa duk wata. Tun 2023 fiye da rabin waɗanda suka cancanta sun koma can, saboda ƙarin alfanu irin na haƙori da tabarau. Masu kare kasuwa na nuna wannan a matsayin shaida cewa idan aka ba mutane zaɓi, kamfani suke zaɓa. MedPAC kuwa ta ƙiyasta cewa a 2024 gwamnati ta biya kamfanonin kashi 22 cikin 100 fiye da abin da za ta kashe da mutanen sun zauna a asusunta, kimanin dala biliyan 83. Dalilai biyu ta bayar: waɗanda ke komawa kamfani sun fi ƙoshin lafiya, sannan kamfanonin sun ƙware wajen rubuta wa mutum cututtuka da yawa a takarda, domin da yawan cuta ake auna abin da za a biya su. A wannan fage 'yan Republican ne ke kiran a yi gasa tsakanin gwamnati da kamfanoni, 'yan Democrat na ɗari-ɗari.

Wasu ƙasashe sun ga irin wannan. A Chile, tun 1981 ma'aikaci na iya kai wani kaso na albashinsa ga asusun gwamnati, FONASA, ko ga kamfanonin da ake kira ISAPRE. Matasa masu albashi mai tsoka suka tafi kamfani, tsofaffi da talakawa da masu ciwon da ba ya warkewa suka taru a asusun gwamnati, wanda ke ɗauke da kusan mutum huɗu cikin biyar. A Ireland kamfanin VHI na gwamnati ya gaji tsofaffin abokan hulɗa, da aka ce sababbin kamfanoni su biya shi diyyar wannan nauyi, BUPA ya sanar da ficewa daga ƙasar a 2006. Duk inda asusu biyu ke neman mutane ɗaya, riba ta fi sauƙi ta hanyar zaɓen masu lafiya fiye da ta hanyar kyautata aiki.

Joe Biden ya ci zaɓen fidda gwani na 2020 da alƙawarin zaɓin gwamnati, yana gabatar da shi a matsayin tsaka-tsaki tsakanin Sanders da barin abubuwa yadda suke. Tun 2018 kamfanonin inshora da asibitoci da masu haɗa magani, waɗanda ba sa ga-maciji a teburin ciniki, suka kafa gamayya guda don yaƙar shawarwarin biyu ba tare da bambantawa ba. Da Biden ya shiga ofis da Majalisar Dattawa mai 50 da 50, bai aika da daftarin ba. Abin da ya yi shi ne ƙara tallafin sayen inshora a dokar 2021, aka tsawaita shi a 2022, masu saye suka haura miliyan 24 a 2025, adadin marasa inshora ya sauko ƙasa fiye da kowane lokaci a baya. Hanya ce da ba ta ɓata wa asibiti rai ba, ba ta ɓata wa kamfani ba, domin ba ta taɓa farashin kowa ba, baitulmali ne ya ɗauki bambancin. Wannan tallafi mai wa'adi shi ne wanda aka rufe gwamnati a kansa kwana 43.